Shingen Hanyar Gwada

Kwangila, Minna.

Zuwa ga ɗana Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka ka sauka lafiya. Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare ka a makarantar horon da za ka shiga, ya haɗa ka da shugabanni masu tsoronsa da abokan zama na kirki. Na cusa takardar a ƙasan akwatinka, ƙarƙashin ƙullin dakuwa da ƙuli-ƙuli, don na san halinka, duk abin da aka ajiye kusa da abinci ba ya kwana ba ka gan shi ba. Ka yi haƙuri da rubutun. Hannun da ya saba juya waina ne, kuma da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka in ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yanzu ka baro shi. Magana ce da ta fi ƙarfin bakina, shi ya sa na ba hannu.

Tun ranar da ka shigo da fara'arka ka ce an ɗauke ka aikin ɗan sanda na ɗaure maka fuska. Ka gaishe ni in amsa a daƙile, in ajiye maka tuwo ban dube ka ba. Ka turo Baffa Isa, yayan mahaifinka, ya zo ya yi ta ba ni baki, na ce masa ni ba komai. Ka turo maƙwabciyarmu Maman Talatu, ita ma na ce ba komai. Ina ganinka kana ramewa, kana zagaye ni kamar baƙo a gidanku, ka rasa laifin da ka yi. Wannan kuskurena ne, kuma na ji kunyarsa, domin na hukunta ka ban gaya maka dalili ba. Duk inda ka samu kanka da iko a kan wani, ko da ikon bai wuce na ɗaga hannu a bakin titi ba, kada ka bar shi yana laluben laifinsa. Ka gaya masa. Ni ma yanzu zan gaya maka nawa.

Ka san kana da wa, ka san maciji ne ajalinsa. Kana ƙarami lokacin, a ɗakin Maman Talatu na bar ka. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda muka zo da shi Minna.

Ka san al'adarmu a kan ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, in ya faɗi wata ce za ta ɗaga shi ta karkaɗe masa jiki. Ana yaye shi Iya, kakarka, ta ɗauke shi ta tafi da shi ƙauye, can hayin ruwan Shiroro. Ita ta goya shi, ita ta saya masa allo, tana kiransa maigidanta yana ce mata ta tsufa shi ya sake ta. Ni kuwa ya tashi yana kirana Ladi, kamar yadda ya ji Iya tana kirana, ban taɓa gyara masa ba. In ya zo hutu nakan zaɓi wainar da ta fi kyau in ba ka ka miƙa masa, ka yi ta mita kana cewa na fi ba shi mai ƙauri. Ka yi gaskiya, na fi ba shi.

Da daminar shekarar da aka yi canjin kuɗi, wani mai kawo doya kasuwa ya biyo da saƙo cewa kububuwa ta sare shi a gona. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, yana can wajen aikin layin dogo, ba yadda za a same shi. Ni da Baffa Isa muka kama hanya. Muka tarar ƙafar ta kumbura har cinya, an shafe ta da baƙin magani, jini yana tsattsafowa daga dasashinsa. Iya ta so a ƙara ba mai magani lokaci, Baffa Isa ya ce a'a, asibiti za a kai shi. Mai maganin ya saki, amma da sharaɗi: a lulluɓe yaron, kada idon baƙo ya sauka a kan ciwon, kada kuma a faɗa wa kowa abin da ya same shi a hanya, wai in aka yi haka dafin zai hau. Iya ta riƙe wannan magana da hannu biyu. Muka lulluɓe shi da zanenta, Baffa Isa ya saɓa shi a kafaɗa muka gangara bakin ruwa.

Ranar kasuwa ce. Kwale-kwalen mai inji ne, an loda masa buhunan doya da na masara, ga awaki, ga mutane har kan kaya, ruwa ya kusa shafar bakinsa. Mai jirgi yana shirin turawa sai muka ji usur. Wani kofur ne dogo, baƙi, da jin Hausarsa ka san mutumin kudancin Kaduna ne. Ya ɗaga hannu ya ce jirgin nan ba ya tashi. Nan fasinja suka yi masa ca, ni ma na samu wurin sauke abin da ke cina, na ce Allah ya isa tsakanina da shi, da ƙarfi na faɗa har ya waiwayo. Ya ce wa jama'a, "Ba na hana ku tafiya ba ne. Ku duba bakin jirgi da idonku. Kaya ya yi yawa. In iska ya taso a tsakiya, wa zai kwashe ku? Mai jirgi, sauke buhu, sauke akuya, ku tafi." Ya naɗe ƙafar wandonsa ya shiga ruwa, da shi aka yi ta sauke buhunan. Kafin masu kayan su gama zaginsa har an gama, ya tura mana jirgin da hannunsa.

Muna kaiwa tsakiya iska ta taso. Ruwa ya riƙa dukan jirgin yana fantsamowa ciki, mata suna salati, Kiristocin cikinmu suna kiran Yesu, ni da wata muna kwarfe ruwa da ƙwarya. Da buhunan nan suna ciki, da yau ba ni ce nake rubuta maka takarda ba. Ban sake ganin kofur ɗin nan ba, ban san sunansa ba, kuma har yau Allah ya isan da na yi masa tana damuna. Na janye ta a gaban Allah ba sau ɗaya ba.

Don haka ka sani, za a zage ka ko kana kan gaskiya. Mai sauri ba ya son ganin hannu a ɗage. Kada zagin ya sa ka sauke hannun in ka ga abin da zai halaka mutane, kada kuma ya sa ka yi fushi ka ƙara musu zama don ka rama. Ka yi yadda mutumin nan ya yi. Dalilinsa a fili yake, kowa na iya gani, ya faɗe shi tun ba a tambaye shi ba, ya sa hannu aka gyara, ya sallame mu. Na so a ce a nan labarin ya ƙare.

Da muka haye muka samu wata akori-kura mai zuwa Minna. Aka shimfiɗa yayanka a baya tsakanin buhuna, kansa a cinyar Iya, ni ina zaune wajen ƙafafunsa ina kallon daji kamar ba abin da ya shafe ni. Baffa Isa yana gaba da direba. Tare da mu akwai wata Bagwariya zaune a kan doyarta. An gaya wa direban zazzaɓi ne ke damun yaron. Muka wuce Kuta, muka wuce Gwada, har na fara jin sanyi a raina. Sai ga shinge. Durom biyu, da katako mai ƙusoshi an gicciya a titi, 'yan sanda suna zaune a benci a gindin mangwaro.

Ɗaya ya taso, matashi ne, ba zai girme ka a yau da yawa ba. Direba ya ce, "Oga, barka da aiki." Ya ce, "Kawo takarda." Aka miƙa masa lasin da takardun mota, ya juya su gaba da baya, komai cif. Ya zagaya motar yana shurin taya, ya sa aka kunna fitila, aka danna oda. Bai samu komai ba. Sai kawai ya zura hannu ta taga ya zare makulli ya ce, "Faka a gefe." Direba ya ce, "Oga, mene ne laifina?" Ya ce, "Za ka sani." Aka tura motar gefe, shi kuma ya koma bencinsa ya ci gaba da ɓare dafaffiyar gyaɗa.

Ba sai na gaya maka abin da yake jira ba. Motoci suna zuwa, direba ya miƙa hannu a dunƙule, a janye katako. Namu direban kuwa mutum ne mai taurin kai, ya ce ya riga ya gaishe su da safe, ya rantse ba zai gaishe su sau biyu a rana ɗaya ba. Ya je ya zauna a kan dutse ya harɗe hannu. Baffa Isa ya sauka ya je ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, muna da mara lafiya." Har ya fara laluben aljihu. Ɗan sandan ya ce shi ba da dattijo yake ba, direban ne zai taso da ƙafarsa ya zo ya ba da haƙuri. Magana ta tashi daga ta mota ta koma ta wa zai fara sunkuyar da kai tsakanin maza biyu.

Da Baffa Isa ya matsa, sai ya taso yana karkaɗe ɓawon gyaɗa, ya leƙo bayan motar. Ya ce, "Kowa haka yake faɗi, mara lafiya, mara lafiya. Me ke damunsa?" Baffa Isa ya dubi Iya, Iya ta girgiza masa kai. Ya ce, "Zazzaɓi ne." Ɗan sandan ya dubi zanen da aka lulluɓe yaron da shi, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ina uwarsa?"

Sani, ina zaune a gabansa, tsakanina da shi bai fi tsawon hannu ba. Maganar tana bakina a shirye: ni ce uwarsa, maciji ne, ku buɗe mana hanya. Ban faɗa ba. Na ja mayafi na kawar da kai. Iya ta ce, "Nawa ne, yallaɓai." Ya ɗaga kafaɗa ya koma inuwarsa.

Na daɗe ina tambayar kaina abin da ya riƙe mini harshe. Ba tsoron bindigarsa ba ne, ba kuma maganar mai magani ba ce, don ni tun a ƙauye ban yarda da ita ba. Kunya ce. Na ji tsoron a koma ƙauye a ce Ladi ba ta da ta ido, ta buɗe baki ta yi iƙirarin ɗan fari a gaban uwar mijinta da yayan mijinta. Abin da na auna ke nan da ran ɗana, kuma a wannan lokacin shi ya fi mini nauyi.

Muna nan zaune har inuwar mangwaron ta tsallako titi. Can sai na ji muryarsa daga ƙarƙashin zane, a hankali, ya ce, "Ladi, me muke jira?" Iya ta ce, "Yanzu za mu tafi, maigida, yi barcinka." Ba Iya ya tambaya ba. Bayan an jima ya sake cewa, "Ladi, me muke jira?" Na ji yatsunsa suna laluben gefen zanena. Na zura hannu ta ƙarƙashin lulluɓin, inda ba mai gani, na riƙe su na matsa. Sun yi sanyi. Iyakar abin da na yi masa ke nan, kuma ba ni da amsar da zan ba shi, don ni ma ban san abin da muke jira ba.

Bagwariyar nan ce ta cece mu daga zaman. Ta lura jini ya jiƙa zanen ta wajen bakinsa, ba ta nemi izinin kowa ba ta yaye lulluɓin. Da ta ga ƙafar sai ta dira daga motar tana ihu, "Kai Oga! Yaro yana mutu a nan! Maciji ne ya cije shi, kai kana ci gyaɗa!" Ya taso a guje. Na ga fuskarsa lokacin da ya ga ƙafar, ba fuskar mugu ba ce, fuskar yaro ce da ya tsorata. Ya jefa wa direba makulli, ya janye katakon da hannunsa, yana cewa, "Me ya sa ba ku faɗa ba? Haba, me ya sa ba ku faɗa ba?"

Ana kiran magariba muka shigo Minna ta unguwar Maitumbi. A asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu, aka yi masa allura, aka ƙara masa ruwa. Wata nas ta ce da mun zo da wuri, ba ta ƙarasa ba. Washegari da hantsi rai ya yi halinsa. Ba zan ce maka shingen ne ya kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare, kuma an riga an ɓata lokaci a ƙauye. Allah ne masani. Abin da na sani shi ne an karɓe mana yinin nan ba da wani dalili ba, kuma ba wanda zai dawo mini da shi. Ko a zaman makoki Iya aka yi ta yi wa gaisuwa. Ni ina bayan gida ina tuƙa wa masu zuwa tuwo, in hawaye ya zo in ce hayaƙi ne.

Ba ina ce maka kunya banza ce ba. Da ita aka raine ni, da ita na raine ka, kuma ina so ka riƙe taka. Amma ka ɗauki darasi daga shiruna. Mutanen da ke cikin motar da za ka tsayar ba duka za su gaya maka abin da ke cinsu ba. Akwai mai naƙuda da za ta cije leɓe don surukinta yana kusa. Akwai dattijon da ba zai ce fitsari ya ƙi fita ba a gaban 'ya'yansa. Akwai mai zuwa jana'iza da yake so ya riski gawa kafin a rufe. Bakinsu a rufe yake, ba don ba su da abin faɗa ba. In ka ga an lulluɓe mutum a bayan mota, kada ka tsaya daga nesa ka jefa tambaya. In mata ne, ka ja ɗaya daga cikinsu gefe, inda maza ba sa ji, ka tambaye ta da ladabi.

Tambayar da ɗan sandan nan ya yi mana ta bi ni shekara da shekaru. Me ya sa ba ku faɗa ba? Na ɗauke ta na ɗora a kaina gaba ɗaya, sauran haushin kuma na raba wa duk mai sanye da kaki. In ɗan sanda ya zo sayen waina a tasha sai in ce ta ƙare, alhali ga ta nan tana soyuwa a tanda yana gani. Har Baban Talatu, mijin maƙwabciyarmu, wanda ya yi ritaya yana sajen 'yan sanda, na daina amsa gaisuwarsa, mutumin da ya ɗauke ka a kafaɗa ya kai ka allurar rigakafi. Wata Kirsimeti matarsa ta aiko da shinkafa kamar yadda ta saba, na mayar da kwanon ban buɗe ba. Wannan ma kuskure ne, kuma na wauta, don ya shafi wanda ba ruwansa.

Da la'asar ya zo da kansa, ya yi sallama, ya zauna a kan turmi. Ya ce, "Maman Sani, me mun yi miki?" Ka ji, har sunan da unguwa take kirana da shi naka ne, ba na yayanka ba. Ban san yadda aka yi ba, bakin da ya ƙi buɗewa a hanyar Gwada ya buɗe a gaban wannan dattijo. Na gaya masa komai. Sannan ya tambaye ni, "Takardan mota ya cika?" Na ce ya cika. "Ya ce yana neman ɓarawo, ko an kawo rahoton mota irin wannan?" Na ce bai ce ba. "Ya bincika kaya?" Na ce ko buhu ɗaya bai taɓa ba. Ya ce, "To ba shi da iko ya riƙe ku. Ko yaro yana ciki, ko ba yaro."

A bakinsa na fara jin cewa kaki ba shi ne doka ba. Ni a da na ɗauka in ɗan sanda ya ɗaga hannu, ɗaga hannun shi ne dalilin, ba a tambaya. Ya ce doka ta yarda ya tsayar da mota ya ga lasin direba da takardunta. Ta yarda ya tsayar da ita in ya ga laifi da idonsa, kamar lodin da ya wuce kima, ko tuƙin ganganci, ko motar da ba birki ba fitila. Ta yarda in an kawo rahoton sata ko ana neman wani, kuma motar ko mutumin ya yi kama da abin da aka kwatanta. In bincike zai yi, sai yana da zato mai tushe cewa akwai kayan sata ko makami, irin zaton da zai iya tsayawa gaban alƙali ya faɗi inda ya samo shi, ba wai fuskar direba ce ba ta yi masa ba. Ya ce haka abin yake a ruwa, jirgi da mota duk ɗaya ne a wannan. In ya duba ya ga laifi, akwai caji ofis, akwai kotu, can ake kai magana, ba gindin mangwaro ba. In kuma ya duba bai ga komai ba, to aikinsa ya ƙare, ya miƙa takarda ya janye katako.

A makaranta za su koya muku wannan da Turanci, da lamba da sashe, za ka fi ni sani nesa ba kusa ba. Ni dai abin da na fahimta ke nan. Kofur na bakin ruwa yana da dalilin da zai iya faɗa da ƙarfi a gaban fasinja duka, ya kuwa faɗa. Na hanyar Gwada dalilinsa ba ya faɗuwa, shi ya sa ya ce za ka sani. Kafin ka ɗaga hannu ka tambayi kanka ko naka zai faɗu a gaban mutane. In ka ji sai ka ja direba bayan mota ka rage murya, ka sauke hannunka ya wuce.

Ranar na gane cewa nauyin nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Na yi shiru, laifina ne, zan amsa shi. Amma bai kamata sai uwa ta yaga mayafin kunyarta, ko an nuna wa mutum jini, kafin ya saki motar da ba ta yi laifi ba. Shi ma yaron nan da ya riƙe mu ina jin yana can da nasa nauyin, in yana raye. Na daina yi masa mugun fata. Tsorona kawai kada wata rana ka zama shi, ka tsaya a titi kana tambayar wata uwa me ya sa ba ta faɗa ba. Wannan tsoron ne ya ɗaure mini fuska duk watannin nan, ba ƙin ka ba.

Na san kurtu za ka fita, a ƙasan kowa. Na zauna a tasha, na ji direbobi suna faɗin yadda abin yake, cewa na bakin titi ba shi kaɗai yake ci ba, akwai mai jiransa a ofis. Za a tura ka shinge, za a gaya maka abin da ake so ka kawo, in ka dawo hannu sake a yi maka dariya ko a jefa ka wani ƙauyen da ba ruwa ba wuta. Ba ni da dabarar da zan ba ka a kan wannan, ƙarya ne in na ce ina da ita. Ka je ƙauyen in an tura ka, ba a mutuwa don an sha ruwan rijiya. In kuma aka kai ka bango, aka ce ko ka riƙe makullin mutane ko ka tuɓe kakin, ka tuɓe ka dawo gida. Tandar nan ta ciyar da mu tun rasuwar mahaifinka, ba za ta gaza yanzu ba, sai dai ka koyi fifita wuta, kai da ko ruwan zafi ba ka iya dafawa ba.

Kada ka zare wa kowa makulli don ka nuna masa kai ne. In direba ya yi maka taurin kai, ka tuna ba shi kaɗai ne a motar ba. Ka duba takarda a tsaye, a gabansa, ka mayar masa a hannu, kada ka tafi da ita inuwa. Kuma duk motar da ka tsayar, duk jirgin da ka hana tashi, ka sa a ranka akwai wani a ciki da yake tambaya me ake jira. Ka tabbata kana da amsar da za ka ba shi.

Saura abu ɗaya. Tunda aka haife ka ba ka taɓa jin sunan yayanka a bakina ba. Ban kira shi yana raye ba, ban kira shi a bayan motar nan ba lokacin da aka tambayi uwarsa, ban kira shi ba da aka fito da shi za a kai shi makwanci. Iya ta rasu, mahaifinka ya rasu, waɗanda na fi jin kunyarsu sun tafi, amma har yau sunan bai fita daga bakina ba. Sunansa Haruna. Ni na haife shi. Ka tafi da sunan nan wurin aikinka, ka tuna da shi duk lokacin da hannunka zai tashi sama.

Na yafe maka, kai ma ka yafe mini fushin da na yi maka. Na sa wa aikinka albarka. Allah ya kiyaye ka a tudu, ya kiyaye ka a ruwa, ya kare ka daga harsashin ɗan fashi da haƙƙin talaka. Allah ya sa kada a yi kuka da kai a kowane gida, ya dawo mini da kai lafiya in gan ka da idona. Ka riƙe salla, ka ci abinci, ka ba abokan ɗakinka dakuwar kada ka cinye kai kaɗai.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Ladi, uwar Haruna da Sani.